Ni da Ustaz Usman a Gindin Dutse

Fita daga Gadarif

Ba a kira sallar asuba ba na rataya jakata na fito daga ɗakin da muke haya a Gadarif. Gari shiru, sai wata lori da ke ɗumama inji a bakin kasuwar hatsi. Mai rakshar, wato keke mai ƙafa uku, da na yi wa magana tun jiya yana jirana a bakin layi, ya naɗe kansa da mayafi. Muka nufi gidan Ustaz Usman.

Bari in gabatar da shi ga wanda bai san shi ba. Ustaz Usman malamin motsa jiki ne a wata makaranta a Khartum har furfura ta kama shi. Shi ya tara mu, mu 'yan unguwa ɗaya, da direba da mai kantin magani da mai gyaran rediyo da wani akawu da ni tela, ya koya mana fita ranar Asabar zuwa duwatsun Sabaloga, mu hau, mu sauko, mu ci ful, dafaffen wake, a bakin kogi. Da yaƙi ya ɓarke muka watse. Wani yana Masar, wani Bor Sudan, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Ni da shi Allah ya jefo mu Gadarif. Bai daɗe da isowa ba hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na hagu ya saki. Ya tashi daga baya, yana tafiya da sanda, amma ƙafar tana ja, hannun kuma ko kofin shayi ba ya riƙewa.

Wata rana ina kan keken ɗinki a rumfar da nake ɗinki, ya zo ya zauna a kan buhun ƙyallaye, ya daɗe yana kallon allura tana hawa tana sauka. Can ya ce, “Musa, ƙasar nan duk shimfiɗe take kamar tabarma? Babu dutse ko ɗaya?”

Na ce akwai. Kawuna Adamu, ɗan'uwan mahaifiyata, yana wani ƙauye tsakanin Doka da Basunda, a gindin wani dutse, kuma tun isowarmu yake aiko min in je. Bayan mako ɗaya Ustaz ya dawo da takalmansa na da a leda, ya ce in nemo masa mai gyara.

Da muka isa ƙofar gidansa yana tsaye a shirye. Matarsa, Hajiya Nafisa, ta miƙo min ƙullin magunguna, ba ta ba shi ba.

“Fari da safe, ja bayan la'asar,” ta ce. “In ya ce maka ya sha, ƙarya yake. Ka gani da idonka.”

“A gaban yaro za ki tozarta ni?” in ji Ustaz, yana dariya. Yaron nan kuwa ni ne, mai 'ya'ya biyar.

Muka yi sallah a masallacin tasha. Bas ɗin Doka ta cika kafin gari ya waye, yawancin fasinjojin 'yan ƙwadago ne masu tafiya yankan riɗi, kowa da laujensa a naɗe cikin tsumma.

Doka

Hanyar kwalta ce, amma damina ta cinye ta wuri-wuri. Hagu da dama dawa ce har inda ido ya tsaya, kawunanta sun yi ja sun sunkuya. Shingayen bincike ban ƙidaya su ba. A na farko aka sauke mu duka, kowa ya fito da katinsa. Wani matashi mai kaki ya dubi nawa, ya dubi na Ustaz.

“Khartum. Ina za ku?”

Ustaz ya ce, “Hawan dutse.”

“Me za ku ɗauko a kai?”

“Ba komai. Mu hau, mu sauko.”

Matashin ya dube ni kamar yana neman wanda ya fi hankali a cikinmu. Na yi maza na ce ziyarar dangi za mu, na faɗi sunan kawu da sunan ƙauye. Ya mayar mana da katunan. Da muka koma mota na roƙi Ustaz don Allah ya bar min amsa daga nan gaba. Ya ce shi bai ga abin ɓoyewa ba. Amma ya bari.

Da hantsi muka shiga Doka. Gari ne na lori da tarakta da buhuna, ko'ina ƙanshin man inji da soyayyen ƙosai. Muka zauna wajen wata mai shayi a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Daga yadda ta jera kofunanta da yadda take magana na gane ba 'yar nan ba ce. Na tambaya, ta ce daga Madani take, can ma'aikaciyar banki ce. Ta faɗe shi ba tare da ta ɗago kai ba, tana fifita gawayi. Da ta ga yadda Ustaz ke fama da kofi, sai ta juye masa shayin a wani mai mariƙi, ta ajiye a gefen damansa. A nan na ba shi farin maganin, na kuma tsaya har ya haɗiye.

Daga Doka babu bas zuwa inda za mu, sai boksi, wato a-kori-kura. Direban ya dubi sandar Ustaz ya ce, “Ya haj, gaba za ka zauna.” Ni na hau baya tare da buhunan sukari da jarkokin man gas da wata akuya da ta ɗora haɓarta a gwiwata tun daga tasha. Muka bar kwalta muka shiga baƙar ƙasa wadda ta bushe ta tsattsage, ramukan da tarakta ta bari da damina sun ƙafe kamar kunya. Sau biyu muka sauka muka tura a bakin rafi. Wajen azahar na hango shi: dutse ɗaya dogo, baƙi-baƙi, da kafaɗa a gefen gabas, ya tashi daga cikin gonaki shi kaɗai. Na buga rufin mota, Ustaz ya leƙo ta taga. Bai mayar da kansa ciki ba har muka isa.

Gindin Dutse

Larabawa suna kiran garin da wani suna, amma mutanensa Gindin Dutse suke cewa. Bukkokin ciyawa ne masu tsini, kowane gida da dangarsa ta kara, sai masallaci na bulo, da 'yar kasuwa, da rumfa ɗaya mai faifan hasken rana inda ake cajin waya. Kakannin mutanen nan da shanu suka zo daga yamma a hanyar hajji. Shanun sun ƙare, suka kama fartanya. Hausarsu tana da daɗi, rabi irin ta kakata, rabi Larabci.

Kawu Adamu ya tsufa fiye da yadda na zata. Ya riƙe fuskata da hannu biyu yana cewa, “Ɗan Hauwa, ɗan Hauwa,” har na ji kunya. Aka shimfiɗa mana angareb biyu, gadajen igiya, a bukkar baƙi. Aka kawo asida, tuwon dawa, da miyar busasshiyar kuɓewa, da kindirmo a ƙwarya, daga baya jabana, gahawa mai citta. Kawu ya tambayi abin da ya kawo mu ban da zumunci. Da na faɗa masa ya yi dariya har da tari.

“Na shekara sittin a nan, ban taɓa wuce inda awaki ke tsayawa ba. Birai ne a sama, sai iska. Amma tun da kuna so, ga shi nan, ba ya gudu.”

Bayan la'asar kawu ya kishingiɗa, mu kuma muka ce bari mu je mu ga inda hanya ta fara. Muka bi bayan gari, muka wuce rijiya, muka tsaya inda duwatsu suka fara fitowa daga ƙasa. Ustaz ya ɗaga sandarsa yana zana hanya a iska: nan za mu bi kwarin, mu kewaye wancan farin dutsen, mu fito kafaɗa. Fuskarsa ta koma irin ta da. Ni kuma na fito da waya ina ɗaukar hoto, dutsen, da hanyar, da garin daga inda muke, don in tura wa abokinmu na Masar.

“Ajiye wayar nan.”

Muka juya. Mutum huɗu ne, uku da sanduna, ɗaya da bindiga a rataye. Mai bindigar dogo ne, zai yi shekara talatin da wani abu, rigarsa duk ƙaiƙayin riɗi. Daga baya na ji sunansa Harun, shi ne babban masu gadin gari, waɗanda matasa suka haɗa tun da yaƙi ya matso jihar Jazira.

Na ce mu baƙin Adamu ne. Ya ce kowa baƙon wani ne. Ya karɓi wayar, ya ce mu wuce gaba. Na roƙe shi mu tafi a hankali saboda ƙafar Ustaz. Sai ya rage sauri.

Suka kai mu rumfar gaban masallaci, wajen shehun gari, wato mai garin. Kafin mu zauna gari ya taru. Harun ya miƙa wa shehu wayar yana nuna hotunan ɗaya bayan ɗaya: ga hanyar shigowa, ga rijiya, ga inda ake hango gari duka, ga tsohon yana nuna wurare da sanda. Da na kalli hotunan a hannunsa, wallahi ni kaina na ga abin da yake gani. Na san labarin mutanen da aka ɗauka a kan abin da bai kai wannan ba, aka kai su inda danginsu suka yi watanni suna nema. Wani daga baya ya ce a kira jami'an tsaron Doka su zo su tafi da mu.

Shehu tsoho ne mai sanyin magana. Ya tambayi Ustaz abin da yake nema a kan dutse.

Ustaz ya ajiye sandarsa, ya kama hannunsa na hagu da na dama, ya ɗaga shi, ya sake shi. Hannun ya faɗo kan cinyarsa.

“Ya shehu, da wannan jikin na ci abinci duk rayuwata. Gidana ya tafi, makarantata ta tafi. Ina so in san ko shi ma ya tafi duka, ko akwai saura. Ban san wata hanyar tambayarsa ba sai dutse. Wa zai aiko irina leƙen asiri?”

Harun ya ce, “Garin da ƙanena yake zaune a Jazira, wanda ya fara shiga tsoho ne da jaki, yana tallan albasa. Suka ba shi ruwa, suka ba shi wurin kwana. Bayan kwana uku motocin mayaƙa suka zo, sun san gidan kowa.” Muryarsa ba ta tashi ba. “Ƙanena yana cikin waɗanda aka binne.”

Ustaz ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya jiƙansa. Da ni ne kai, da na kama mu.”

Ana haka kawu ya iso, wani ya je ya tashe shi, ko hula bai sa ba. Ya ratsa mutane yana haki, ya ce wannan ɗan Hauwa ne, Hauwa 'yar Malam Bello da aka aurar Khartum, duk tsohon da ke wurin ya ci tuwon bikinta. Wasu tsofaffi suka gyaɗa kai. Harun ya ce ya ji na ɗan Hauwa, to ɗayan fa? Kawu ya ce wanda ya ci a akushinsa nasa ne, in za a kai shi Doka a haɗa da shi.

Shehu ya ja casbinsa. Sa'an nan ya yanke: wayoyinmu za su kwana a wurinsa har ranar tafiyarmu. Dutse kuwa na Allah ne, ba zai hana mu ba, amma Harun zai bi mu, ya ga duk abin da muka gani. Harun ya ce yana da riɗi a gona da ke jiran yanka. Shehu ya ce, “Kai ka kamo su.”

A hanyar gida na ce wa Ustaz mu haƙura, mu bi boksin safe mu koma. Ya ce in ba shi jan maganinsa, lokaci ya wuce.

Ranar hawa

Muna idar da sallar asuba muka tarar da Harun a ƙofar gida, bindiga a kafaɗa, gorar ruwa a hannu. Muka gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Matar kawu ta ƙulla mana kisra, siririyar wainar dawa, da dabino da gyaɗa.

Farkon hanyar ba wuya, turbar awaki ce tsakanin itatuwan ƙaro da aduwa. Ustaz yana gaba, haka ya saba, ni a bayansa, Harun can baya. Tafiyar tasa ta ba ni tausayi: ya kafa sanda, ya ɗaga ƙafar dama, sa'an nan ya jawo ta hagu da dukkan ƙugunsa. Mutumin da a da yake hawa yana waƙa yana yi mana tsiya, yanzu kowane dutse sai ya tsaya ya yi shawara da shi. Na miƙa hannu sau ɗaya, ya harare ni, ban ƙara ba.

Da rana ta fito muka shiga kwarin. Nan inuwa ce da sanyi, da ragowar ruwan damina a cikin kwarmin dutse, remaye suna leƙo mu suna ɓuya. Birai suka taru a sama suna ta haushi. A wani wuri hanya ta ƙare a jikin wani dutse da ya kai ƙirji. Na hau na juyo in ja shi, amma hannu ɗaya gare shi, in ya ba ni shi babu abin dafawa. Muka yi ta gwadawa. Harun yana tsaye yana kallo. Can sai ya matso, ya durƙusa, ya kafa gwiwarsa.

“Taka nan,” ya ce.

Ustaz ya taka cinyarsa, na ja, ya hau. Daga nan Harun ya daina tafiya can baya, ya dawo gefen hagun Ustaz, gefen gangara.

Rana ta yi tsaka kafin mu fito kafaɗar dutsen, wurin da mai lafiya zai kai kafin hantsi. Fili ne na shimfiɗaɗɗen dutse da kuka ɗaya ƙarama. Ustaz ya zauna ya jingina da ita, rigarsa sharkaf, leɓɓansa sun yi fari. Na ba shi ruwa da dabino. Ƙafar hagun tana rawa ita kaɗai, ya danne ta da hannu. Ya daɗe yana kallon sauran hanyar zuwa ƙololuwa, wadda duk tsaye take, sai da hannu biyu.

“Nan ne nawa,” ya ce. “Musa, hau ka gano mana.”

Na ce ba zan bar shi ba. Ya ce bai jawo ƙafa tun asuba don mu koma mu ce ba wanda ya kai ba. Na dubi Harun, don an ce ya ga duk abin da muka gani, ga shi za mu rabu biyu. Ya dubi sama, ya dubi tsohon, ya sauke bindigarsa ya zauna a inuwa.

“Je ka,” ya ce. “Ba abin da ke can sai kashin birai.”

Na hau ni kaɗai, da hannu da gwiwa. A sama iska ce mai ƙarfi. Gonaki sun shimfiɗu ta ko'ina, jan dawa da ruwan ƙasan riɗi da aka yanke aka jingine dami-dami, ƙurar wata tarakta can nesa, ta gabas kuma duwatsun Habasha shuɗi-shuɗi, jere bayan jere. Babu hayaƙi ko'ina, babu ƙara. Na kira sunayen abokanmu ɗaya-ɗaya, na raye da na mace, na yi wa biyun Fatiha. Ban san lokacin da na fara kuka ba.

Da na sauko na same su zaune kafaɗa da kafaɗa, kisra a tsakaninsu ba a taɓa ba. Idanun Harun jajur. Ustaz yana nuna masa wani abu a ƙasa, shi kuma yana cewa, “Waccan gonar, mai bishiya biyu a tsakiya, tawa ce. Ta kusa da ita ta Isa ce, ni nake noma masa.” Isa shi ne ƙanen. Ashe Harun tun da aka haife shi a gindin dutsen nan bai taɓa ganin gonarsa daga sama ba. Abin da suka faɗa wa juna ina can sama ban tambaya ba, Ustaz kuma bai gaya min ba har yau.

Saukowa ta fi hawa wuya. Ba mu yi nisa ba ƙafar ta ƙi ɗaukarsa gaba ɗaya, ya zame ya faɗi a kan tsakuwa, gwiwarsa ta fashe. Na yage gefen rawanina na ɗaure. Ya yunƙura sau biyu, ya kasa. Rana ta karkata, ruwanmu saura kaɗan, gari kuma yana can ƙasa kamar tarin kwanduna. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban ji ba ko jiya a rumfar shehu.

Harun ya cire bindigar daga kafaɗarsa ya miƙo min.

Na ja da baya. Na ce ban taɓa riƙe ta ba.

“Ba harbi na ce ka yi ba. Rataya, bakin ya kalli ƙasa, kada ka taɓa nan.” Ya juya ya durƙusa a gaban Ustaz. “Baba, hau.”

Ustaz ya ce shi ba jariri ba ne. Harun ya ce buhun dawa ya fi shi nauyi, kuma buhun ba ya gardama. Haka ya goya shi, na bi su a baya da sanda a hannu ɗaya, bindigar mai gadin gari a wuyana tana dukan ƙashin bayana. Inda hanya ta yi sauƙi ya sauke shi ya tako da kansa, inda ta yi wuya ya sake goya shi. Da muka kusa rijiya Ustaz ya ce a sauke shi, da ƙafarsa zai shiga gari. Harun ya sauke shi, ya karɓi bindigarsa kafin mutane su gani, ya ce min in na faɗa wa wani zai ƙaryata ni. Na nemi izininsa daga baya kafin in rubuta wannan, ya ce in canja sunansa, na kuwa canja.

Ana kiran magariba muka shiga. Kawu yana tsaye a bakin danga tun la'asar.

Hutu da sallama

Washegari ba inda muka je. Matar kawu ta gasa wa Ustaz ƙafa da ruwan zafi da man riɗi, tsofaffin gari suka yi ta zuwa gaishe shi, kowa yana tambayar abin da ke sama, ni kuma ina ta maimaitawa. Shehu ya aiko da wayoyinmu, ya ce hoton dutse mu riƙe, na hanya da rijiya mu goge. Na goge a gaban ɗan aiken. Harun bai zo ba, yana gona.

Ranar tafiya, boksi na ɗaukar kaya, sai ga shi da buhu a kafaɗa da jarkar mai a hannu. Ya ja mu gefe. Ya ce matar Isa da 'ya'yanta uku suna Gadarif, a wata makaranta da aka sauke 'yan gudun hijira, ba za ta iya dawowa ƙauye ba saboda ƙaramar tana karɓar magani a asibiti. Sau biyu yana aika mata abinci ta hannun direbobi, sau ɗaya ya isa. Shi kuma ba ya iya barin gari da gona a wannan lokacin.

“Dawa ce da riɗi daga gonar ubansu,” ya ce. “Ku ba ta hannu da hannu. Ku dubo min yaran da idonku, ku kira ni a wayar mai caji.”

Ya faɗi sunanta da unguwar. Ustaz ya sa ya maimaita, ya ce ya riƙe. Suka yi musafaha, Harun ya kama hannun hagun ma ya haɗa a cikin nasa.

Komawa Gadarif

Hanyar dawowa ba labari, sai zafi da shingaye. A ɗaya aka soki buhun da ƙarfe aka duba, aka bar mu. Bayan la'asar muka sauka a tashar Gadarif. Na ce in kai Ustaz gida tukuna ya huta, buhun na kai gobe. Ya ce a'a, amana ba ta kwana a ɗakinsa.

Raksha ta kai mu makarantar. Azuzuwa an raba su da zannuwa da buhunan leda, iyali a kowane lungu, murhu a baranda, allo har yanzu da rubutun darasin ƙarshe. Muka yi ta tambaya har aka nuna mana ita, wata siririyar mace tana wanki a bakin famfo. Da muka faɗi wanda ya aiko mu ta goge hannu a zaninta, ta kwance bakin buhun, ta ɗebi riɗin ta shinshina. Ta ce, “Na gonar ne.” Ta juya mana baya na ɗan lokaci.

Yaran suka fito, maza biyu da 'yar ƙarama mai auduga manne a bayan hannu. Ustaz ya zauna a kan dakali ya dube su ɗaya-ɗaya kamar yadda aka ce ya yi, ya tambayi sunayensu. Ya tambaya ko akwai mai koya wa yaran wurin wani abu. Uwar ta ce babu, yini suke suna faɗa a fili. Ya dubi filin makarantar, da ragowar turakun raga a gefe guda, da yara fiye da yadda zan iya ƙirgawa suna bin wata ƙwallon tsumma. Ya ce mata zai dawo ranar Asabar da safe, ta gaya wa sauran iyaye. Sa'an nan ya ce min in nemo masa usur a kasuwa, in kuma ɗinka masa ƙwallo biyu masu ƙwari daga ƙyallayen rumfata.

Daga bakin ƙofar makarantar na kira mai caji na Gindin Dutse, na ce a gaya wa Harun saƙo ya isa, yara lafiya, ƙaramar ta yi mana dariya.

Ana sallar magariba na sauke Ustaz a gidansa, na wuce nawa. Na gode wa Allah da ya fitar da mu ya dawo da mu. Na gode wa Kawu Adamu da iyalinsa, da shehun gari da bai yi gaggawa ba, da mai shayin Doka wadda ban tambayi sunanta ba. Harun kuwa, Allah ya jiƙan ƙanensa, ya raya abin da ya bari, ya sa riɗinsa ya yi albarka. Ƙwallayen na gama su daren Juma'a, ɗaya ta ɗan karkace, amma tana birgima.